Ruwan da nake sake bai wa shuka ne ke kashe min dashe? Don Allah masu lambu ku shigo

Mai pepiniyar, Garin Malam:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu lambu, da fatan an wuni lafiya. Ina da 'yar pepiniyar, wato wurin rainon dashe, a gefen gari nan Damagaram, ina rainon mangwaro mai aure da lemun tsami da gwaiba da dogonyaro a leda, in sanyi ya shigo kuma ina yayyafa irin tumatir da shu (kabeji) da tattasai, masu lambu su zo su saya su dasa. Halin ruwa a garin nan dai kowa ya sani ba sai na faɗa ba, a kan dutse muke zaune, ba ko'ina za ka haƙa rijiya ka tadda ruwa ba, da bazara ta kama sai ka ga rabin cinikinka ya tafi hannun 'yan ga-ruwa. To shi ne na sa magini ya yi min daɓen siminti a inda nake jera ledoji, ya ɗan karkata shi, duk ruwan da ya tsiyaye daga gindin leda sai ya bi 'yar kwata ya gangara cikin basan, wato ramin siminti na tara ruwa, in ya taru in ɗiba da arozuwar (butar ban ruwa) in sake bai wa shuka. Wallahi da farko na ji daɗin dabarar sosai don bidon ruwa (jarka) da nake saya ya ragu ƙwarai.

Amma abin da nake gani yanzu ya tayar min da hankali. Irin tumatir zai fito kore shar gwanin sha'awa, bayan 'yan kwanaki sai ka ga wuyansa, daidai inda ya taɓa ƙasa, ya jiƙe ya sirance sai ya kwanta, yau wurin bai fi tafin hannu ba gobe ya ci rabin fangali. Lemun tsami kuma ganye na ta yin ɗorawa yana zuba, na yaga leda ɗaya na duba, saiwar ta yi baƙi-baƙi kuma in ka ja ta da yatsa sai ɓawon ya saɓule ya bar ɗan zare a ciki, wasu ma ƙaro ke fita a gindinsu. Gwaiba bakin ganyenta ya ƙone, saman ƙasar leda ya yi fari-fari. Shi kansa ruwan basan ya koma kore, da yamma yana ɗan wari.

Wani ya ce in zuba jabel, ruwan nan na wanki mai kashe ƙwayoyin cuta, wani ya ce in sayi maganin feshi in kaɗa a cikin basan gaba ɗaya. Ni kuma ina da ledoji da yawa da nake so su kai bikin dashen itace na 3 ga Ogusta, lokacin ne muke ɗan samu. Ruwan ne ke kawo wannan ko kuwa iri ne ba shi da kyau? In ruwan ne, akwai yadda za a gyara shi ko sai dai in haƙura in rushe basan? Allah ya saka wa wanda ya amsa da alheri.

Tsohon lambu, Mirriya:

Wa alaikumus salam ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah shi yi albarka. Jikana ne ke rubuta min ina faɗa mishi. Ni dai tun ina yaro cikin lambu nike, kuma abin da muka gada shi ne ruwan da ya fito daga gindin shuka marar lahiya ba a kai shi ga jaririn iri. Iri ɗan kwana 10 ba shi da ƙarhin komi, abin da babban icce zai sha ya tashi lahiya lau shi kashe shi zai yi. Kar ka rushe basan, amma ruwan nan ka bai wa manyan itace da ke ƙasa, dogonyaro da su gawo in kana da su. Fangalin yayyahi kuwa ruwa mai kyau kawai, ai ba shi cin ruwa da yawa.

Kuma ka duba hannunka wajen ban ruwa. Yaran yanzu da sun ga rana ta yi zahi sai su yi ta malala ruwa sahe da marece har ƙasa ta yi caɓi, ga iri an yayyafa da kauri iska ba ta ratsawa, ga taki ɗanye wanda bai ruɓe ba. Ko da ruwan robine (famfo) ne iri zai kwanta a haka. Mu kahin mu yi yayyahi mukan tara kara da yayi mu ƙone bisa fangalin. Farin da ka gani bisa leda gishiri ne, ba cuta ba. Wanda ya kamu kuma cire shi da ƙasarshi ka kai nesa ka ƙone, kar ka ji tausai.

Malamin gona, Matamaye:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma, ni ƙarin bayani kawai zan yi don Yaya mai tambaya ya san da me yake faɗa. Yaya abin da ka lissafa ba matsala ɗaya ba ce, akwai cuta akwai gishiri, kuma abin da ke maganin ɗaya ko kaɗan ba ya taɓa ɗayan, nan ne mutane ke asarar kuɗi.

Kwanciyar irin tumatir da saiwar da ɓawonta ke saɓulewa, galibi aikin wasu ƙwayoyin cuta ne da ake kira Pitiyom da Fitoftora. Ƙaron da ke fita a gindin lemu ma Fitoftora ce aka fi sani da shi. Waɗannan rayuwarsu duk a ruwa take, suna sakin 'ya'ya ƙanana da ido ba ya gani, kowanne da 'yar jela guda 2, iyo suke a cikin ruwa suna bin abin da saiwa ke fitarwa har su same ta. Kar ka raina su, wata daga cikin dangin Fitoftora ce ta ruɓar da dankalin ƙasar Ailan a 1845, yunwar da ta biyo baya ta kashe mutum wajen miliyan 1. To ka duba tsarinka, leda ɗaya tak mai cuta ta tsiyaye a kan daɓe, ruwan ya shiga basan, gobe ka ɗebo ka raba wa kowace leda a pepiniyar. Da can cutar leda ɗaya za ta kashe ta tsaya, yanzu ta samu hanyar zagaya kowa. Kuma ba su kaɗai ke bin ruwa ba, akwai Fuzariyom, wata cutar naman gwari, akwai bakteriyar da ke sa tumatir ya yi yaushi yana kore, akwai nematod, ƙananan tsutsotsi masu sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli. Ita bakteriyar gwajinta da sauƙi, yanke karan tumatirin da ya yi yaushi ka rataya bakin yankan a cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kar ka motsa, in ita ce cikin 'yan mintoci za ka ga wani fari-fari yana zarara ƙasa daga karan.

Maganar kaɗa maganin feshi a basan, don Allah kar ka yi. Ba don haka aka yi shi ba, yawancinsu ma ba sa kama Pitiyom da Fitoftora don su ba naman gwari na ainihi ba ne, kuɗinka zai tafi kuma ka mai da basan ramin guba da yara da awaki ke wucewa ta gefensa.

Jabel kam yana aiki, kulorin ne, manyan pepiniyar na ƙasashen waje ma da kulorin da yawansu ke wanke ruwa. Abin da masu bincike suka tsayar shi ne miligiram 2 na kulorin a kowace lita ya isa ya kashe 'ya'yan nan masu iyo, in ka zarce haka da yawa kuma ƙananan shuka ne za su ƙone. A lissafi, in jabel ɗin mai kashi 2.6 cikin 100 ne, duro mai lita 200 wajen mililita 15 yake so, cokalin cin abinci ɗaya ke nan. Amma fa wannan a ruwa mai tsabta ne. Ruwanka kore ne mai laka da ruwan taki, dattin zai cinye kulorin ɗin kafin ya kai ga cutar, sai ka ɗauka ka yi magani alhali ba ka yi komai ba. Dole sai ruwa ya kwanta an tace shi tukuna, sannan a zuba, a jira kamar minti 30, a auna abin da ya rage da ɗan abin gwajin kulorin irin na masu aikin ruwan sha. In ruwa mai kanwa-kanwa ne, pH ɗinsa, wato awon tsami ko kanwar ruwa, ya haura 7.5, ƙarfin kulorin na raguwa sosai. Sannan jabel da ya daɗe a shago cikin zafin nan namu ƙarfinsa ya riga ya sauka.

Ni abin da na fi so wa mai ƙaramin ƙarfi shi ne matatar rairayi mai tafiya a hankali. Tsakuwa a ƙasa, lallausan rairayi wankakke a bisa mai zurfin santimita 80 zuwa mita 1, ruwa ya tsaya a kansa kullum yana tsatsafowa ta ƙasa a hankali, wajen lita 100 a awa a kan kowane murabba'in mita. Ba rairayin kaɗai ke aikin ba, bayan 'yan makonni wata 'yar yauƙi na fitowa a saman rairayin, ƙananan halittu ne masu rai, su ke kama ƙwayoyin cutar su cinye. Shi ya sa ba a barinta ta bushe kuma ba a zuba mata jabel, in ka yi ka kashe masu yi maka aikin. Pitiyom da Fitoftora tana tare su sosai, Fuzariyom da nematod kuwa ba duka ba.

Gishiri kuma Baba ya faɗi gaskiya. Duk zagayen da ruwa ya yi, rana ta sha nata ta bar gishirin, ga na takin zamani da ya wanko daga leda, kullum ƙara kauri yake, shi ne ƙonewar bakin ganyen gwaiba da farin nan. Jabel ba ya cire gishiri, rairayi ba ya cirewa, tafasawa ma ƙara shi take. Surki kawai, ka riƙa haɗa ruwan basan da sabon ruwa, lokaci-lokaci kuma ka ba ledoji ruwa mai kyau da yawa har ya zubo ta ƙasa ya wanke, wannan ruwan wankin kar ya koma basan. Mangwaro da lemu ba sa jure gishiri ko kaɗan, su ka fi kula da su. Ka rage takin zamani ma tunda ruwan da ke dawowa da sauran taki a cikinsa.

Uwar marayu, Birni:

Sannunku da aiki. Ni ba ni da pepiniyar, ɗan lambun zogale da salati gare ni a gida, amma na yi shekaru ina aikin lafiya shi ya sa na kasa yin shiru. Ƙanena duk an yi maganar shuka, ba a yi maganar mutane ba. Basan ɗin nan a buɗe yake? In a buɗe yake ka sani gidan sauro ka gina, damina na zuwa maƙwabtanka da 'ya'yansu za su sha masassara, ban da tsoron ƙaramin yaro ya leƙa ya faɗa. Ka rufe shi, ko da kwano ne da katako. Rufin ma zai rage koren nan tunda sai da hasken rana yake yaɗuwa.

Sannan ina tambaya, akwai rijiyar da mutane ke sha kusa da kai? In basan ya tsage yana yoyo, ko ranar da ka tashi kwashe shi ka malalar a ƙasa, ruwan takin nan ƙasa yake bi ya sauka. Nitirat, sinadarin da ke cikin ruwan takin, ba shi da launi ba shi da wari, ruwa zai fito garau ka ce lafiya lau ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 a lita na ruwan sha, kuma jarirai 'yan watanni ya fi yi wa illa, yana hana jini ɗaukar iska har leɓen yaro ya yi shuɗi. Mu da ruwa ke mana wuya, rijiya ɗaya in ta lalace ba ƙaramin rashi ba ne ga unguwa.

Game da jabel kuma Malam ban ƙi taka ba, amma ina tsoronsa a hannun yaran aiki, kowa da nasa cokalin, wani zai ce bari in ƙara don ya fi aiki. Kuma kar a kuskura a haɗa shi da takin zamani ko wani abu mai tsami a bokiti ɗaya, iskar da ke tashi tana shaƙe mutum. In don ruwa ya kwanta ne, iyayenmu da 'ya'yan zogale suke yi, a ɓare busassun a daka su yi gari a dama a zuba, a juya a bari, sai laka ta taru ta sauka ƙasa. Alam ma yana yi.

Mai pepiniyar, Garin Malam:

Kai Alhamdulillahi, Baba na gode Allah ya ja kwana, Malam da Hajiya Allah ya biya ku. Hajiya basan a buɗe yake amma insha Allahu satin nan zan rufe, rijiya kuma akwai ta wani gida can gaba, zan sa magini ya duba min ko akwai tsaga. Malam ina da sauran tambaya. Matatar nan za ta yiwu a cikin duro, kuma rairayin da ke bayan gari zai yi? Sannan akwai abin da ban faɗa ba, wasu tumatir ɗin da suka tsira sabon ganyensu ya murɗe ya yi siriri ya nannaɗe, ba ɗorawa ba ƙwari. Famfon feshi a bakin kwatar nan ake wanke shi, kuma maƙwabcina yakan ara ya yi feshin ciyawa a gonarsa, ko wannan na da hannu? Ta yaya ma zan tabbatar ruwan ne ba iri ba, don mai sayar min da irin cewa yake nasa ba ya da matsala.

Malamin gona, Matamaye:

Yaya wannan murɗewar ganyen ta fi kama da maganin ciyawa, musamman irin su 2,4-D, tumatir ba ya jure shi ko ɗan ɗigo ne, abin da ya rage a tiyon famfo ma ya isa. Akwai cutar da farin ƙuda ke kawowa mai nannaɗe ganye, amma ita ganyen kan ƙanƙance ya yi ɗorawa a gefe-gefe, kai kuma ka ce babu. Matsalar ita ce maganin ciyawa ba ya jin jabel kuma yana ratsa rairayi ya wuce, gawayi na musamman da masana'anta ke sarrafawa ake tare shi da shi, shi kuma da tsada. Don haka hanawa ce kawai, a daina wanke famfo ko'ina kusa da kwata, a haƙa masa ɗan raminsa daban nesa da rijiya, famfon da ya taɓa maganin ciyawa kuma kar ya sake shiga pepiniyar. Ruwan da ke cikin basan yanzu ni dai ba zan ba tumatir ko lemu ba, ka kwashe shi, ka kankare lakar ƙasa ka fitar da ita waje, ka wanke bango da daɓe da ruwan jabel mai ƙarfi ka bar rana ta gasa su kafin ka sake tarawa.

Duro zai yi amma gajere ne, tsayinsa bai kai mita 1 ba, in ka sa tsakuwa ka bar wurin ruwa a sama rairayin ba zai yi zurfin da ake so ba. Gara ka sa mai walda ya haɗa maka guda 2 ɗaya bisa ɗaya, ko a gina da bulo a shafe. Bakin duro wajen rubu'in murabba'in mita ne, ke nan lita 25 a awa, bido ɗaya, dare da rana kuwa lita 600. Kar ka ga yana ɗiga a hankali ka buɗe famfo don sauri, saurin ne ke ɓata shi. Ka ɗaga bakin tiyon fita ya fi saman rairayi tsayi don ko ruwa ya yanke rairayin ya zauna a jiƙe. Rairayi kuma ka tankaɗe ka wanke shi sosai har ruwan wankin ya fito fari, wanda ya cika laushi mai ƙura toshewa yake da wuri, na ƙorama ya fi. Randa ka ga ɗigon ya ragu ƙwarai sai ka kankare santimita 1 zuwa 2 na sama, ka ba shi 'yan kwanaki ya dawo. Makonnin farko ruwan da ya fito ka ba manyan itace tukuna.

Hajiya maganarki a kan jabel haka take, mutum ɗaya ya riƙe awon kar a bar wa yara. 'Ya'yan zogale kuma suna kwantar da laka sosai sai dai ba sa kashe cutar duka, kuma ruwan da aka sa musu ba ya son ajiya, a tsiyaye na sama a yi aiki da shi a ranar.

Wani abu mai arha da mutane ba sa kula da shi, wurin ɗiba. Ka raba basan biyu da ɗan bango, ruwa ya fara zuba a na farko ya kwana laka ta zauna, na sama ya tsallaka na biyu, kai kuma ka ɗiba daga can nesa da inda yake shigowa, kar arozuwar ta taɓa ƙasa ta tayar da laka. Ledojin ma ka ɗaga su daga kan daɓe, ko bisa tsakuwa ko bulo, don in suna zaune cikin ruwan da ke gangarowa leda na shan na 'yar uwarta ta hudojin gindi tun kafin a je basan. Ƙasar cika leda kuma yanzu da ake zafin nan ka jiƙa ta ka baza ka rufe da farar leda mai shara-shara, ka danne gefe da ƙasa, sati 4 zuwa 6 rana za ta dafa maka ita.

Gwajin ruwa ko iri kuwa kai ma za ka iya. Samo roba 2 sababbi ka huda gindinsu, ka cika da ƙasa iri ɗaya wadda ka gasa a wuta ta huce, ka shuka irin tumatir daga fakiti ɗaya, ƙwaya 50 nan 50 can. Ɗaya ka ba ta ruwan robine, ɗaya ruwan basan, kowace da kofinta, ka ajiye su nesa da juna yadda ruwa ba zai fantsama ba. Ka ɗebi ruwan gwajin a bido ka ajiye a inuwa kafin ka kwashe basan. Cikin sati 2 zuwa 3 za ka ga amsa, in ta basan ce kaɗai ta kwanta to ruwa ne, in duka biyu suka kwanta sai a koma kan iri da yawan ban ruwa. Lemun da ke fitar da ƙaro kuma ka ɗauki guda 2 da ledarsu ka kai wa ma'aikatan kare tsirrai a ofishin noma na jiha ko mutanen INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, su duba, kar ka wanke saiwar, kuma ka sa su cikin buhu don ƙasar kar ta zube a hanya.

Tsohon lambu, Mirriya:

Malam ya yi bayani, Allah shi ƙara sani. Abu ɗaya zan ƙara ɗana, lemun nan masu ƙaro ko sun yi kamar sun warke kar ka kai su kasuwa ranar 3 ga wata. Mutum zai saya da kuɗinshi ya kai lambunshi ya dasa kusa da rijiya, cutar ta shiga ƙasarshi, kuma in ta shiga ba ta hita da sauƙi. Ware su gehe guda inda ruwansu ba shi gangarowa kwata, wanda ya mutu a ƙone shi har ledar. In ka tashi sabon auren icce kuma ka ɗaga mahaɗin sama da ƙasa kamar taƙi guda, kuma wajen ban ruwa a zuba a gehen leda, kar a jiƙa gindin iccen.